Wai wane ne Malkisadik ɗin nan, Yesu ne ko wani dabam?

Maman Biyu, Nima

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Ran Lahadi wani baƙon fasto ya yi wa'azin zakka a cocinmu, ya ce wai Malkisadik ai Yesu ne da kansa ya fito ma Ibrahim tun ba a haife shi ba, saboda haka duk wanda ya hana ɗaya cikin goma to Yesu ya hana. Da aka tashi mata suka rabu, har cikin trotro gardama ake, wata ta ce mala'ika ne wata ta ce a'a Shem ɗan Nuhu ne. Ni dai na buɗe Farawa 14 aya uku kacal na gani a kansa, daga nan shiru kaman ƙasa ta haɗiye shi. Wanne ne gaskiya?

Malamin Sande Sukul, Aboabo

Maman Biyu sannu da ƙoƙari, kin yi daidai da kika buɗe littafin da kanki. Wuri uku ne kawai sunansa ya fito, Farawa 14, Zabura 110 aya 4, sai Ibraniyawa sura 5 zuwa 7.

A Farawa, sarakuna huɗu ne suka ci Saduma da yaƙi suka kwashe Lutu da kayansa, Ibrahim ya bi su da mutanen gidansa 318 ya ƙwato komai. Yana dawowa sai ga sarkin Salem, wanda kuma firist ne na Allah Maɗaukaki, ya tare shi da gurasa da ruwan inabi ya sa masa albarka, Ibrahim ya ba shi ushiri. Iyakar labarin ke nan. Salem kuma yawanci ana ɗauka Urushalima ce don Zabura 76 ta haɗa ta da Sihiyona.

Inda faston ya samo maganarsa Ibraniyawa 7:3 ne, wajen da aka ce ba uwa ba uba ba asali, ba farkon kwanaki ba ƙarshen rai. Amma ki karanta ayar har ta ƙare, cewa ta yi ya yi kama da Ɗan Allah, to mutum ai ba a cewa ya yi kama da kansa. Ni fahimtata ita ce, Farawa littafi ne mai son jera asali, wane ya haifi wane, ya yi shekara kaza ya mutu, sai ga babban mutum irin wannan ba a faɗi ubansa ba ba a faɗi mutuwarsa ba. Wannan shirun ne mai rubuta Ibraniyawa ya kama. Matsalar da ke gabansa babba ce fa, a Shari'ar Musa firist sai ɗan kabilar Lawi daga zuriyar Haruna, Yesu kuwa ɗan Yahuza ne, kabilar sarauta, kuma ba a haɗa gadon sarauta da bagade, sarki Azariya wanda ake kira Uzziya da ya shiga Haikali zai ƙona turare kuturta ce ta fito masa a goshi. To yaya Yesu zai zama babban firist? Sai ya ce ai akwai wata firistoci da ta girmi ta Lawi, har Lawi ma ya biya mata zakka yana cikin tsatson kakansa Ibrahim, kuma Zabura 110 ta yi rantsuwa cewa mai zuwan firist ne har abada bisa ga ɗabi'ar Malkisadik.

Ɗan Katolika, Madina

Malam ka yi bayani amma ka wuce gurasa da ruwan inabin da sauri haba. Mu a wurinmu nan ne zancen yake. Tun Kifiriyan, bishof ɗin Kartaj da aka kashe a 258, ya rubuta cewa wannan hoton Jibin Ubangiji ne, kuma har yau in fada ya yi addu'ar Yukaris ta ɗaya sai ka ji ya ambaci Habila da Ibrahim da Malkisadik a jere. Amma mu ma ba mu ce shi ne Yesu ba, alama ce.

Malamin Sande Sukul, Aboabo

Ɗan'uwa na ji ka. Sai dai Ibraniyawa ta tattaro komai a kan mutumin nan ba ta taɓa gurasar ko sau ɗaya ba, shi ya sa Kalbin, babban malamin Furotesta, ya ce abincin tarbar mutanen da suka dawo yaƙi a gajiye ne kawai. Mu bar shi nan kar mu kwana.

Ɗalibi, Legon

Mama gardamar trotron nan taku ta tsufa sosai. Maganar Shem daga malaman Yahudawa ta fito, in aka lissafa shekarun da ke Farawa 11 a rubutun Ibrananci Shem da ya yi shekara 600 yana raye a zamanin Ibrahim. Amma Shem kowa ya san ubansa, to ya ya dace da Ibraniyawa? Maganar mala'ika ma akwai, Orijin, wani malamin Kirista na zamanin da, ya faɗa, kuma cikin takardun da aka tono a kogo na 11 a Kumran kusa da Tekun Gishiri akwai ɗaya da ta nuna Malkisadik kaman wani na sama mai zuwa ya yi hukunci ya 'yantar da mutane a ƙarshen zamani. Har wani ya ce Ruhu Mai Tsarki ne, aka aika ma Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya amsa a wasiƙa a 398 ya ce a'a mutum ne. Masu cewa Almasihu ne ya bayyana suna nan tun da, amma ba su ne masu yawa ba. Sannan samarin nan masu farar riga da baƙin baji da ke yawo biyu-biyu, na cocin Mormon da ke da haikali a Accra tun 2004, su ma suna da abin da suke kira firistocin Malkisadik, wannan koyarwarsu ce dabam kar ki haɗa.

Baba Tela, Sabon Zango

Ni musulmi ne, karatu kawai nake. Annabi Ibrahim da Annabi Lutu namu ne mu ma amma wannan sunan babu shi a Alƙur'ani, yau na fara ji. Ku ci gaba ina sauraro.

Mai Shago, Kejetia

Barka da zuwa Baba. Ni zakkar ce ta tsaya min a wuya. Ina bayarwa duk wata ba wanda ya tilasta ni, amma a daina tsorata mata da wannan ayar dan Allah. Ibrahim daga ganimar yaƙi ya cire, Ibraniyawa 7:4 ta faɗa ƙarara, sau ɗaya aka rubuta ya yi, sauran kuma ya mayar ma sarkin Saduma ya ce ko zare ko igiyar takalmi ba zai ɗauka ba. Me ya sa ba a yi mana wa'azin wannan ɓangaren? Matar da ke tallan koko da ƙosai ta samu sidi ashirin a wuni a ce mata ta hana Yesu, gaskiya da nauyi.

Maman Biyu, Nima

Na gode ƙwarai Allah ya ƙara sani. Mai Shago ka bi a hankali, faston baƙo ne kuma dattijo ne, ba na so a ce na kawo shi nan a yi masa tsiya. Malam, ran Laraba muna da zumuntar mata kuma ni aka ba nazari, in fara da Farawa ne ko in tafi Ibraniyawa 7 kai tsaye? Minti talatin kawai suke bayarwa kuma rabin matan sai an maimaita musu da Frafra.