Fim ɗin katun na ɓera mai bincike: ya dace da 'yan shekara bakwai?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara game da The Great Mouse Detective, fim ɗin katun da Disney ya fitar a 1986, wanda nake son kunna wa yarana lokacin hutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko masu tura finafinai a waya ba kowa ne ya san shi ba, alhali The Lion King kowa yana da shi. Shin rashin armashi ne ya sa aka manta da shi, kuma ya dace da yara masu shekara bakwai zuwa tara?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Armashi kam yana da shi. Labarin ya faru ne a Landan a 1897, inda wani jemage mai ƙafar katako ya sace Flaversham, ɓera mai ƙera kayan wasan yara, sai 'yarsa Olivia ta kai kuka wurin Basil, ɓeran da yake zaune a ƙarƙashin gidan Sherlock Holmes, shahararren mai binciken laifuka na littattafan ƙagaggun labarai na Turanci, yake kuma bincike irin nasa. Abin da ya fi burge ni shi ne ana nuna wa yaro yadda ake kaiwa ga amsa: Basil ya ɗauki 'yar takardar da jemagen ya yar, ya duba ta da madubin ƙara girma, ya gwada ta da sinadarai, ya gano gishirin da ke jikinta, daga nan ya san cewa daga wata mashaya ta bakin kogi ta fito. Yaro mai yawan tambaya zai ji daɗin wannan wuri ƙwarai.

Abu Yasir:
Zancen mantawa da shi, zamanin da ya fito ne ya cuce shi. A 1985 Disney ya tafka asara da The Black Cauldron, shi ya sa aka rage wa wannan fim kuɗin aiki, aka kammala shi a kan dala miliyan 14, kuma duk da cewa ya ci riba, a cikin shekarar An American Tail, shi ma labarin ɓera, ya fi shi kasuwa. Biyu daga cikin daraktocinsa, John Musker da Ron Clements, su ne suka yi The Little Mermaid a 1989, wanda shahararsa ta rufe abin da ya gabace shi. Faɗan ƙarshe a cikin Big Ben, babban agogon nan na Landan, ma, da kwamfuta aka tsara manyan ƙarafan da ke juyawa, sannan aka zana ɓerayen da hannu a kansu, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Anti Rabi:
Ni dai ina ganin a yi hattara, Maman Hanifa. Mugun da ke cikin labarin, Ratigan, ubangidan jemagen nan, idan yaronsa ya ɓata masa rai sai ya kaɗa 'yar ƙararrawa, kyanwarsa ta zo ta haɗiye shi, kuma jemagen yakan faɗo gaban allo ba zato har babba ma ya razana. Akwai kuma wurin mashayar nan, inda ake shan giya da taba, wata mawaƙiya tana rawa da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Fim ɗin minti 74 ne kacal, saboda haka ki fara kallonsa ke kaɗai, ki lura da inda za ki tsallake, sannan ki kunna musu da rana kina zaune tare da su.