Juyi a bale da juyi a tango: me ya sa gwiwa ke ciwo idan an sauya rawa?

Gimbiyar Taku:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan juyi ce. Mai rawar da ta samu horon bale (rawar Turawa ta kan yatsun ƙafa), wadda piruwet (cikakken juyi a kan ƙafa ɗaya) biyu a jere ba ya ba ta wahala, idan ta koma tango (rawar mutum biyu a rungume) sai ɗan juyin ocho (takun da ke zana lamba takwas a ƙasa), wanda bai wuce rabin da'ira ba, ya gagare ta. Ko dai ta rinjaya kan abokin rawa, ko ƙafarta ta kafe a daɓe, kuma bayan awa ɗaya gwiwa ta ɓangaren ciki ta fara zogi. Takalmin mai tsinin dunduniya ne, santimita 8, ƙasansa fata mai laushi da ake kira suwed. Daɓen kuwa shimfiɗar roba ce irin ta ɗakin koyon bale. Ina laifin yake, a jiki ne, a takalmi, ko a daɓe? Kuma me ya kamata a ajiye daga horon bale?

Malamar Sanda:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sunan ne ya haɗa su, amma juyin biyu ba daga wuri ɗaya suke samun ƙarfi ba.

Dubi piruwet na waje zuwa dama. Kina tsaye a matsayi na huɗu, ƙafar dama a baya, akasarin nauyi a kan ta hagu. Ki yi piliye, wato ki lanƙwasa gwiwa, ki tunkuɗi daɓe da ƙafafu biyu, ki haye kan yatsun hagu, yatsan dama ya ɗare gaban gwiwar hagu, hannaye su rufe a gaban ciki. Kafaɗa da ƙugu suna tafiya tare kamar ƙyauren ƙofa. Idan kafaɗa ta riga ƙugu, malami zai tsayar da ke nan take. Ido kuma yana kafe wuri ɗaya, kai ne na ƙarshen barin gaba, shi ne na farkon dawowa, don kada hajijiya ta kwashe ki. Ke nan ƙarfin daga daɓe ya fito, a tunkuɗa ɗaya, jikin kuma dunƙule yake.

Wannan dunƙulewar da aka yi shekaru ana dasa miki ita, ita ce tango ke so ki kwance.

Abu na biyu shi ne buɗe ƙafa waje. Tun zamanin Sarki Luwi na 14, wanda ya kafa makarantar rawa ta sarauta a Faransa a 1661, da Piyer Boshan da ake jingina wa tsara matsayan ƙafa biyar, a kan wannan buɗewar aka gina bale. Abin da ake buri shi ne ƙafafu biyu su yi layi ɗaya, digiri 180, amma mutane ƙalilan ne gaɓar ƙugunsu ke ba da wannan duka. Saura sai su ciko daga gwiwa da idon sawu: a lanƙwasa gwiwa, a murɗa ƙafa waje, a miƙe, daɓe ya riƙe tafin a inda ƙugu bai kai ba. Wadda ta saba da wannan satar, gwiwarta ta riga ta saba ɗaukar murɗar da ba tata ba. Idan ta hau tsinin santimita 8 ta kuma buɗe ƙafa haka, sai nauyi ya gangara kan babban yatsa, gwiwa ta faɗo ciki, yatsu na kallon waje. A nan gizo ke saƙa.

Gwada wannan: ki tsaya da ƙafa ɗaya gaban madubi, ki ɗan lanƙwasa gwiwa. Tsakiyar ƙoƙon gwiwa ya kamata ya sauka daidai kan yatsa na biyu. Idan ya leƙa ta cikin babban yatsa, kin ga mai laifi na farko.

Tsohon Mai Ja:

Malama ta share mini hanya. Bari in ɗora daga ɓangaren tango, ina nufin na Ajantina, wanda ya taso a Buwenos Aires da Montebidiyo a ƙarshen ƙarni na 19, ba na gasar manyan zauruka ba mai fizgar kai da ƙirji a baya.

A ocho babu tunkuɗa. Ƙirji ne ke fara tafiya, ƙugu ya biyo baya a makare, kamar an murɗa jiƙaƙƙen tawul an sake shi. Ga yadda abin ke bin juna. Ki taka, ki kai nauyinki duka kan ƙafar da kika taka, ba kashi tara cikin goma ba, duka. Ƙafar da ta huta ta taho ta haɗu da 'yar'uwarta, idon sawu na shafar idon sawu, gwiwa kusa da gwiwa. Ƙirjinki ya nemi ƙirjin mai ja, wato abokin rawar da ke jagorantar taku, sai ki ji haƙarƙari da tsokar ciki sun ɗaure ta gefe ɗaya. Daga nan ki bar ɗaurin ya warware: ƙugu, cinya, ƙwauri da tafin ƙafa su juya tare a matsayin abu guda, a kan tudun da ke ƙarƙashin tushen yatsu. Sai juyin ya ƙare tukuna ki miƙa ƙafa don taku na gaba.

Inda 'yan bale ke tuntuɓe wuri uku ne. Suna miƙa ƙafar da ta huta tun juyi bai ƙare ba, domin idonsu ya saba neman dogon layi mai kyau. Ƙafar kuwa tana da nauyi, da ta bar ƙarƙashin jiki sai ta janye ki daga kan ginshiƙinki, ki rataye a wuyan abokin rawa. Suna kuma hayewa can ƙololuwar yatsu da gwiwa a sandare, alhali tsinin takalmi ya riga ya ɗaga su. Abin da ake so shi ne gwiwa a sake, dunduniya ta bar daɓe da kaurin takarda kawai. Na uku shi ne kafe ido. A rungumar kusa kanki na jingine kusa da na mutum, idan kika fizge shi sai ku yi gware, kuma fizgar tana ratsa kafaɗa ta ɓata riƙon. A bar kai ya bi ƙirji.

Aikin gida: ki fuskanci bango, tafin hannu biyu a kansa daidai ƙirji, yatsu kawai ke taɓawa. Ki yi ocho na gaba, dama da hagu, ƙirji na kallon bango ko yaushe. Ki fara da kwata na da'ira, sau goma kowane gefe, da safa a kan katako, ba takalmi. Idan kin ji kina tura bango don ki juya, to da hannu kike juyi, haka kuma za ki tura mutum. Sai kwata ya zauna kafin a nemi rabi. Bayan nan a shiga hiro, zagayen da mai bi ke yi wa mai ja: gaba, gefe, baya, gefe. Takun baya ne ke tona asiri, domin shi ne ke buƙatar murɗa mafi yawa, kuma yawancin mutane a nan suke nisanta daga abokin rawa maimakon su zagaye shi.

Kada kuma a ɗora wa mai bi laifin duka. Mai jan da ke juya mace da ƙarfin damtse, ko ya nemi juyi kafin nauyinta ya gama sauka, shi ma yana murɗe mata gwiwa. Idan ciwon yana zuwa da mutum ɗaya ne kawai, a binciki riƙonsa.

Mai Takalma:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ni da daɓen zan fara, domin kin ambaci shimfiɗar roba kamar ba komai ba ce. An yi ta ne don ta riƙe. Takalmin kan yatsu na bale an lulluɓe shi da yadi mai santsi, bakinsa da ake tsayawa a kai bai fi faɗin yatsu biyu ko uku ba, don haka mai rawa na buƙatar daɓen da ba zai zame da ita ba. Tango kuwa katako mai sulɓi yake so, wanda tafin takalmi zai juya a kansa ba gardama. Suwed a kan roba, da nauyin jiki duka a ɗan wuri ƙarami, kamar an dasa ki ne: cinya ta juya, tafi ya ƙi, gwiwa ta biya bambancin.

Akwai kuma rozin, busasshen ƙaron itacen da 'yan bale ke takawa don ƙarin riƙo. Idan ɗakin ana amfani da shi, suwed na kwasar sa, ya haɗu da ƙura ya zama baƙin datti mai ɗanƙo a daidai wurin juyi. Juya takalmin ki duba. Idan kin ga baƙin tabo mai sheƙi, ki kankare shi da burushin waya. Sai dai ki sani burushi yana tayar da gashin fatar, riƙo ya ƙaru. Don haka a daɓe mai kamu, a cire dattin kawai, kada a yi ta karta.

Mafita ta fi sauƙi ta wajen takalmi: tafin fata mai sulɓi a daɓe mai kamu, suwed a daɓe mai santsi. Shi ya sa ƙwararru ke yawo da biyu a jaka. Wasu na barbaɗa hoda a ƙasa. A katako, idan masu wurin sun yarda, ɗan kaɗan a lungu ya isa. A kan roba kuwa kada a kuskura, domin mai tsalle da zai shigo bayanki shi zai sha ƙasa. Don atisaye, a yanke bakin tsohuwar safa a zura a gaban takalmi, ta rufe tudun yatsu, ta bar dunduniya a buɗe.

Tsayi kuma: a fara da santimita 5 ko 6, a hau 8 daga baya. Ki ajiye takalmin a kan tebur ki taɓa shi da yatsa. Idan ya yi rawa, tsinin ba ya tsakiyar dunduniya, kuma idon sawunki ne zai yi ta gyara wannan karkatar dare guda. Maɗaurin ya kama sosai, yatsu su kai bakin takalmi ba tare da sun zarce ba.

Gimbiyar Taku:

Na gode ƙwarai. Malam Tsohon Mai Ja, game da dunduniya: wasu malamai na cewa kada ta taɓa ƙasa sam, wasu na cewa a sauke ta. Wanne ne daidai?

Tsohon Mai Ja:

A lokacin juyi ta ɗan tashi, a lokacin taku da tsayuwa ta sauka. Wadda ta yi waƙa huɗu a jere a kan yatsu, sha-raɓarta za ta ƙulle kafin a canza kiɗa, kuma mai ja ba zai ji inda nauyinta yake ba. Tsofaffin malamai da suka hana saukewa suna gudun a zauna a kan dunduniya ne, nauyi ya koma baya, runguma ta yi sanyi. A sauke, amma nauyi ya zauna a tsakiyar tafi zuwa gaba.

Mai Duba Gaɓɓai:

Ruwa ba ya tsami banza, don haka bari a dubi gwiwar kanta. Gaɓa ce da aikinta lanƙwasa da miƙewa. Tana yarda da 'yar murɗa idan tana lanƙwashe, idan ta miƙe sarai kuwa kusan a kulle take. A gefen ciki akwai jijiyar da ke haɗa ƙashin cinya da na ƙwauri, akwai kuma guringuntsi mai siffar jinjirin wata da ke zaune tsakanin ƙasusuwan biyu kamar gammo. Su biyun ne ke shan wahala idan tafi ya kafe, jiki ya wuce.

Zogin da ke tashi bayan atisaye ya kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, yawanci gyaran daɓe da salon juyi na maganinsa. Amma idan gwiwa ta kumbura, ko tana ƙullewa ta ƙi miƙewa, ko tana zillewa kamar za ta kayar da ke, ko an ji ƙara lokacin juyi sannan ciwo ya biyo, a daina rawa a je a duba ta. Haka ma ciwo mai tsini a ƙarƙashin tushen babban yatsa: akwai ƙananan ƙasusuwa biyu a wurin masu kamar ƙwayar wake, kuma tsinin takalmi na tara musu nauyi.

Abin da ke hana gwiwa faɗawa ciki ba a gwiwa yake ba, a gefen ɗuwawu yake. A ɗaura robar atisaye a saman gwiwoyi, a ɗan durƙusa, a yi tafiyar gefe taku goma sha biyu zuwa dama, goma sha biyu zuwa hagu, sau uku. A tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala, a sauke ɗayar a hankali har dunduniya ta shafi ƙasa, sau goma, ido na kan ƙoƙon gwiwa kamar yadda Malama ta nuna. Sai ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya, ana neman ashirin ba tare da idon sawu ya karkata waje ba. Kwana uku a mako ya wadatar, kuma a ba shi mako shida zuwa takwas kafin a yanke hukunci.

Malamar Sanda:

Ƙarin bayani kan rabin tambayar da aka tsallake. Ba duk horon bale ake ajiyewa ba. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, dogon gadon baya, da shafar daɓe da yatsu da 'yan bale ke kira tandu, duk suna da amfani, musamman ga tangon dandamali. A gasar duniya da ake yi a Buwenos Aires, manyan rukunan biyu ne: na fili, inda ba a sakin runguma, ba a tsalle, ana zagaya fili saɓanin hannun agogo, da na dandamali, inda ɗagawa da wurga ƙafa sama ke da gurbi. Masu horon bale sun fi samun sauƙi a na biyun. Ga na fili kuwa, a rage buɗe ƙafa ya koma ɗan kaɗan, dunduniyoyi a haɗe, tsakanin manyan yatsu bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a yi atisayen bangon nan kafin darasin tango, ba bayan darasin bale ba, lokacin da jiki ke dunƙule.