Rumfar motata ta yi funfuna, in wanke ko in canza?

Sabon Shiga: Salam jama'a. Na sayi motar nan mai ɗaki a ciki ta hannu, jiya na warware rumfar gefenta sai ga baƙin ɗigo-ɗigo ko'ina, ga wari kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta roba ce ba ta saƙa ba. In wanke ne ko in canza tampol ɗin?

Mai Sitiyari: sa mata injin feshi na wankin mota kawai

Maman Biyu: Haba Malam, ƙarfin injin nan ai ɓarke ɗinki yake. Ni kwatan kofi na bilic da kwatan kofi na sabulun wanke-wanke nake zubawa a ruwa lita 19, in shafe ta ciki da waje, in naɗe minti 5, in warware in ɗauraye. Ka bari ta bushe ƙarau tukuna, naɗewa a jiƙe ne ke kawo funfunar. Kuma kar ka haɗa bilic da binega, hayaƙin guba ne.

Tsohon Direba: Kai da kake da ta wankewa ma ka gode Allah. Ƙanin matata na ba aron tawa, na ce masa in hadari ya taso ya naɗe ko ya sassauto da gefe ɗaya ruwa ya zurare, yaron nan ya bar ta a miƙe ya kwanta barci, ruwa ya taru a tsakiya kamar kwano har ƙarfen ya lanƙwashe. Da na zo cirewa da kaina sifirin ɗin cikin bututun da rumfar ke naɗewa a jikinsa ya kufce ya cire min farce. Har yau ko sannu.

Mai Sitiyari: tampol kaɗai bai kai rabin kuɗin sabuwar rumfa ba fa

Tsohon Direba: Wa ya gaya maka? Ni da kuɗin aiki kaɗan ya rage ya kamo ta.

Maman Biyu: Baba rabu da shi, mai cewa a sa injin feshi ne za a ji wa?

Mai Sitiyari: Hajiya shekara 9 ina wannan harkar

Ɗan Kallo: shekara 9 rumfa nawa ka kashe? hhhh

Tsohon Direba: Ni aron ne matsalar. Ka hana a ce ka cika rowa, ka bayar a dawo maka da gawa.

Ɗan Kallo: wallahi Baba, ni janareto na bayar tun bara

Sabon Shiga: To jama'a ɗigon fa, yana fita duka ko tabo zai zauna?