Injin yankan ciyawa ya ƙi aiki bayan ajiyar rani: wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai gonar mangwaro, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Ina da injin yankan ciyawa irin na ratayawa a kafaɗa, mai 43cc, wanda ake gauraya masa fetur da mai. Bara na saye shi, ya yi mini damina guda lafiya lau. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba sai na jingine shi a sito, tankinsa da ragowar mai kamar rabi. Yanzu ruwa ya sauka, ciyawa ta kai gwiwa a ƙarƙashin itatuwa, kun kuwa san abin da doguwar ciyawa ke ɓoyewa, ga yara na shiga tsintar mangwaro.

Shekaranjiya na ɗauko shi. In na rufe cok na ja igiya sau huɗu ko biyar yakan tashi, ya ɗan yi ƙara, da na buɗe cok ko na taɓa totur sai ya mutu. Na sa sabon fulogi, babu canji. Wani yaro ya ce in murɗa sukurorin kafireto, amma ban taɓa su ba tukuna. Don Allah duk wanda ya ga irin wannan a nasa injin ya gaya mana yadda aka yi.

Bakanike, Panteka, Kaduna

Wa'alaikumus salam. Alhaji, ka yi daidai da ba ka taɓa sukurorin nan ba. Duk farkon damina irin injinka ne ke cika mini benci, kuma wanda ya fi ba ni wahala shi ne wanda aka riga aka murɗa kafin a kawo.

Injin da ba ya tsayawa sai cok na rufe, ƙishirwar mai yake ji. Cok iska yake ragewa, sai ɗan man da ke samun wucewa ya ishe shi. Da ka buɗe, iska ta rinjayi mai, ya mutu. Saboda haka ka ƙyale fulogi, wuta tana nan tunda yana tashi.

Fetur ɗin da ya yi wata bakwai a tanki a zafin bazara, mai sauƙin kama wutar cikinsa ya tsere, abin da ya rage ya yi danƙo kamar ƙaro. Kafireton wannan injin kuma ba irin na babur ba ne mai kofi a ƙasa. Wata 'yar siririyar roba ce a ciki, bugun injin ne ke motsa ta, ita kuma tana zuƙo mai. Shi ya sa ko ka karkata injin ta ko'ina ba ya mutuwa. In tsohon mai ya bushe a kanta takan sandare, ka taɓa ta ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar takarda. Akwai kuma wata 'yar raga ƙarama a cikin kafireton da danƙon ke toshewa.

Kafin ka kwance komai, zubar da man nan kaf. Lanƙwasa waya ka zura a bakin tanki ka jawo tiyo, akwai matacin mai a ƙarshensa, ka duba shi. Sannan ka zuba sabon haɗi, ka danna ƙwallon robar nan da ke jikin kafireto kamar sau bakwai. In ya cika da mai, hanya a buɗe take. In kumfa kake gani ba iyaka, tiyo ya tsage. In ka danna ya ƙi dawowa, akwai toshiya. Ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Manomin shinkafa, Kura

Ni tawa ta fi wannan ciwo, ina faɗa ne don kada wani ya maimaita. Faifai nake ɗaura wa nawa ina yankan shinkafa da shi. Kakar bara muna tsakiyar aiki mai ya ƙare, na aiki ɗaya daga cikin yaran aikina ya sayo fetur a bakin titi, ni kuma na leƙa wajen masu sussuka. Yaron ya dawo ya zuba shi haka zalla. Ba laifinsa ba ne, ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Ya ce injin har ƙarfi ya ƙara da farko, ƙararsa ta yi kaifi, ba a daɗe ba ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa.

Da muka kai wa mai gyara, salansa kawai ya cire ya haska fitila ta ramin. Fistin ya kakkarce daga sama har ƙasa, ringi ya manne. Irin wannan injin ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, man da ke cikin fetur ɗin shi kaɗai ke jiƙa fistin. Sai da na sayi silinda da fistin, na kuma yi kwana uku ina biyan masu lauje.

Tun daga ranar jarka ɗaya ce ta injin, na ɗaura mata jan ƙyalle. Littafin nawa 25:1 ya ce, wato mililita 40 na man 2T, man da ake gauraya wa irin wannan injin, a lita ɗaya ta fetur. Da sirinji nake aunawa, kuma da hannuna. Wani lokaci ma nakan ɗan ƙara kaɗan don hankalina ya kwanta.

Mai kula da lambuna, Abuja

Malam na Kura, Allah ya mayar da alheri. Amma wannan ƙarin da kake yi shi ya kusa sa mu jefar da inji mai lafiya. Yaranmu sun ji labarin nokin, wato fistin ya maƙale don rashin mai kamar naka, sai suka riƙa zuba mai da ido. Injin yana tashi ja ɗaya, yana sulo lafiya, amma da ka ba shi totur sai ya yi kamar an shaƙe shi, ciyawar da ba ta kai taƙi ba ta gagare shi. Hayaƙi kuwa har maigidan da muke wa aiki ya yi magana. Baƙin mai na ɗiga ta bakin salansa.

Mun wanke kafireto sau biyu a banza. Ashe a bakin salansar akwai wata ragar ƙarfe da aka sa don kada tartsatsi ya fita ya kama busasshiyar ciyawa, ita ce kunkunniya ta liƙe ruf. Injin da hayaƙi bai samu hanyar fita ba, sabon mai ma ba zai samu hanyar shiga ba. Muka ciro ta da filaya, muka gasa a wutar gas har ta yi ja, muka goge da burushin ƙarfe. Injin ya dawo kamar ranar da aka sayo shi. Namu 50:1 ne, mililita 20 kacal a lita, kuma manyan kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna haka suke rubutawa.

Manomin shinkafa, Kura

Na ji, ɗan'uwa. Amma ni da na sayi silinda, gara in riƙa gasa raga duk wata.

Bakanike, Panteka, Kaduna

Dukkanku kuna da hujja, sai dai injinanku ba ɗaya ba ne. Kowa ya bi abin da aka rubuta a littafin nasa ko a jikin tanki: akwai 25:1, akwai 40:1 wato mililita 25, akwai 50:1. Abin da ya fi damuna ma irin man ne. Na sha kwance inji in tarar baƙin man mota aka riƙa zuba masa. Wannan ba don a ƙone shi aka yi shi ba, toka yake bari a kan fistin har ringi ya maƙale. A nemi 2T, a duba jikin robar, in an ga alamar inganci ta JASO FC ko FD an samu mai kyau. Wanda kuma ke da irin Honda GX35, kada ya gauraya komai. Shi fetur zalla yake sha, baƙin mansa da wurinsa daban, kimanin mililita 100.

Shugabar makaranta, Jos

Sannunku da ƙoƙari. Namu na makaranta ne, Baba maigadi ke yanka mana filin wasa da shi. Wata safiya mai sanyi na iske shi ya jiƙe da gumi, ya ce ya ja igiya ya fi sau talatin. Wurin duk warin fetur. Ɗana da ke karatun injiniya yana gida lokacin, na kira shi. Ya cire fulogi ya nuna mana, jagab da mai. Ya ce Baba, ai tun a ja na uku injin ya yi tari, a nan ya kamata a buɗe cok. Da aka ci gaba da ja a rufe sai mai ya yi masa yawa.

Ya kashe makunni, ya ja igiya kamar sau goma babu fulogi don man ya fita, ya goge fulogin ya mayar. Sannan ya kunna makunni, ya bar cok a buɗe, ya sa Baba ya riƙe totur har ƙarshe, ya tabbatar kan injin ba ya taɓa komai. Ja na biyar ya tashi da hayaƙi mai yawa, can ya washe. Ya kuma ce masa injin da ke da zafi ba ya buƙatar cok ko kaɗan. Tun daga nan Baba bai sake kiranmu ba.

Mai garka, Maraɗi

Salamu alaikum. Mu nan buji muke ce wa fulogi, fetur kuma isansi. Abu biyu ke kashe mana inji, ƙura da ruwa. Lokacin hunturu soson da ke tace iska yakan toshe cikin sati guda, injin ya yi ta baƙin hayaƙi, buji ya yi baƙi ƙirin. Ina wanke shi da sabulu, in shanya a inuwa ya bushe sarai, in ɗiga masa mai kaɗan in matse. Wani maƙwabcina ya cire nasa soson gaba ɗaya don ya ga injin ya fi gudu haka. Bai kai ƙarshen rani ba ƙarfinsa ya tafi, igiya ta koma sakwaf a hannu, rairayi ya cinye ringi.

Isansin kwalba kuwa, ba na zuba shi kai tsaye. Ina juye shi a farar gora in bar shi ya zauna. In da ruwa a ciki za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, ɗigo ɗaya kuma ya isa ya hana injin nan tashi.

Manomi, Haɗejia

Ba wanda ya ambaci irin tawa. Nawa yana tashi lafiya, ya yi aiki kamar minti goma sha biyar, sai ya fara ja da baya ya mutu. In na zauna na huta, ya sake tashi. Na yi sati biyu a haka. Rannan da ya mutu na buɗe murfin tanki don in ga ko mai ne ya ƙare, sai na ji "fiss", iska ta shiga. Na rufe, ja ɗaya ya tashi. Ƙofar numfashin tankin ce ta toshe, mai na raguwa iska ba ta maye gurbinsa, har kafireto ya kasa zuƙa. Sabon murfi ya raba mu.

Ƙanena kuma alamar iri ɗaya ce amma buɗe murfi bai yi masa komai ba. Shi kwayil ne, in ya ɗau zafi sai wuta ta ɗauke. An gane ne da aka gwada fulogi nan take da injin ya mutu, kafin ya huce. Da aka buɗe marfin saman, ƙaiƙayi ya cushe tsakanin haƙarƙarin silinda, iska ba ta ratsawa.

Mai kula da lambuna, Abuja

Tunda an zo maganar gwada wuta, don Allah a matsa da fulogin nesa da raminsa, kuma kada a gwada inda aka zubar da fetur. In an zuba mai a ɗauki injin a matsa kamar mita uku kafin a tayar. Sannan duk wanda kan injinsa ke juyawa alhali bai taɓa totur ba, ya tsaya ya gyara, ko sulo ya yi sama ko sifirin kuloci ya saki. Wani abokin aikinmu ya ajiye nasa a ƙasa yana sulo, faifai ya kama ƙasa ya yi tsalle ya tsarge masa takalmin roba. Allah ya kiyaye, ɗan yatsa ɗaya ne aka yi wa ɗinki.

Mai gonar mangwaro, Zariya

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda Malam na Panteka ya ce. Man da na zubar ya yi ja kamar shayi, warinsa ma ba na fetur ba. Da na zura waya, tiyon kaɗai ya fito, matacin ya riga ya gutsure yana yawo a gindin tanki, tiyon kuma ya yi laushi yana manne wa yatsa. Na canja duka biyu. Ƙwallon ya fara cika, amma har yanzu da na ba shi totur sai ya mutu. Sai na kai wa wani mai gyaran janareta a Sabon Gari. A gabana ya buɗe kafireton, robar nan ta sandare kamar yadda aka faɗa, ragar kuma ta yi danƙo. Ya wanke, ya sa sabuwar roba da gasket. Bayan injin ya yi zafi ne ya ɗan taɓa sukuru ɗaya, mai alamar L, bai kai kwatar zagaye ba, totur ya fara amsawa nan take.

Malam, saura tambaya ɗaya. In ruwa ya ɗauke bana, yaya zan ajiye shi?

Bakanike, Panteka, Kaduna

Alhamdu lillahi, Alhaji. Ranar aikin ƙarshe ka juye tanki, ka danna ƙwallon har ya daina kawo mai, ka tayar da injin ka bar shi a sulo ya mutu da kansa. Cire fulogi, ɗiga man 2T kaɗan a ramin, ja igiya a hankali sau biyu, mayar da fulogi. Ka sa giris a kan da ke juya faifai, ka rataye shi inda rana ba ta dukansa. Na san fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, ba mai son zubarwa, don haka ka riƙa haɗa lita ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da za ka ƙarar. Haɗin da ya wuce wata guda kada ya shiga tankin.

Mai gonar mangwaro, Zariya

Na rubuta a bangon sito. Yau na gama layi huɗu na ɓangaren rijiya, gobe in Allah ya kai mu da sassafe zan shiga gefen shinge.