Neman shawara: me zan shuka wa bareyi a ɗan filina na Jojiya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya ƙoƙari? Ina zaune a tsakiyar jihar Jojiya ta Amurka, kuma Allah Ya hore mini wani ɗan daji, akasarinsa itatuwan fayin ne, dogayen nan masu ganye kamar allura. A tsakiyarsa akwai sarari da bai wuce eka ɗaya da rabi ba, ƙasar jan yumɓu ce. Bareyin nan masu farar wutsiya suna ratsawa, kullum da safe ina ganin sawunsu a bakin rafi. So nake in shuka musu abin da zai sa su saba da wurin, su yi ƙiba, in lokacin farauta ya zo iyali su samu nama. Maƙwabcina ya ce waken suya. A shago kuma ga buhunan iri masu hoton barewa mai manyan ƙahoni, ga tsada. Ni kuwa raina yana kan wakenmu na gida. Ga shi Agusta ya kama, ba ni da tarakta sai babur mai ƙafa huɗu. Don Allah a taimaka.

Dattijon Alabama:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah Ya sanya albarka. Kada ka sayi ko mudu ɗaya na iri sai ka gwada ƙasar. Jan yumɓun yankinmu tsami gare shi, balle inda fayin ya daɗe. Ka tono ƙasa kaɗan-kaɗan daga wurare dabam-dabam a filin, zurfin kamar inci shida, ka cakuɗa a bokiti mai tsabta, ka kai ofishin malaman gona na gundumarku. Jami'ar Jojiya ce ke kula da su, kuɗin gwajin kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da kake nema lambar pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ta kai 6 zuwa 7. In ta tsaya wajen 5, takin da ka zuba yawancinsa asara ne, shuka ba za ta iya ci ba. Maganinsa garin dutsen laim, wato farar ƙasa mai rage tsami, takardar gwajin za ta faɗa maka yawan da za ka zuba. Laim kuwa sai ya yi watanni yake gama aiki, don haka a makon nan ya kamata ka je.

Manomin Karolaina:
Ranka ya daɗe ka gama magana. Ni kan batun wake zan tsaya. Ɗan uwa, hankalinka bai kai ka nesa ba: mafarautan kudancin Amurka suna shuka waken nan sosai, nau'in da suke kira Iron and Clay, kuma asalin wake daga Afirka ya zo. Bareyi ganyen suke bi, kamar yadda tumakinmu ke rububin harawa. Yana jure zafi da ƙarancin ruwa, yana kuma ba su furotin daidai lokacin da mata ke shayarwa, maza kuma ƙahoni ke fitowa. Matsalar ita ce lokaci ya ƙure maka. Wake na bazara ne, wajen Mayu ake shuka shi, sanyin farko mai ƙanƙara kuma yana kashe shi. Sannan eka ɗaya da rabi ta yi wa waken suya kaɗan. Na ga fili irin naka da idona: tsiro ya fito ganye biyu-biyu gwanin sha'awa, bareyi suka bi layi suka tsinke kawunan cikin 'yan kwanaki, sai karare tsirara. Waken suya in aka cinye shi a wannan matakin ba ya tashi. Ka ajiye wake sai baɗi, ka haɗa shi da ɗan dawa ya samu abin hawa.

Ɗan Ohayo:
Ni dai tanif da radish, masu yin saiwa mai kauri kamar karas, nake zubawa a watan Agusta, kuma cikin dusar ƙanƙara har tono saiwar suke yi. Ka gwada, irin ba tsada.

Dattijon Alabama:
Ɗana, Ohayo daban, Jojiya daban. A nan kudu sau da yawa bareyi kan yi biris da tanif shekarar farko, wani wurin ma har ya ruɓe. Ya sa kaɗan a gefe guda ya gani, amma kada ya ɗora filin duka a kansa. Abin da ba ya ba mu kunya shi ne alkama da ots (wani hatsi mai kama da alkama) a haɗa da kuloba, wata 'yar ciyawar kiwo mai ganye uku-uku, dangin wake. Kuma ya haƙura har ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, ya duba hasashen ruwan sama tukuna. Wanda ya yi gaggawar shuka da zafi, tsutsar nan mai cin masara, wadda ta addabi manoman gida tun 2016, tana iya share masa fili.

Ɗalibar aikin gona:
Sannunku iyayena. Yaya, zurfin shuka shi ke kayar da mutane da yawa. Alkama da ots a rufe su kamar inci ɗaya. Irin kuloba kuwa ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar riɗi ba, in suka wuce rubu'in inci a ƙasa ba za su fito ba. Ka kashe ciyawa, ka ɗan barbaza ƙasa da ƙaramar garmar da babur ke ja, ka watsa hatsin ka rufe, sannan ka watsa kuloba a sama ka bi da tayoyin babur ka danne. Ka haɗa kuloba ja da fara: ja, wadda ake kira crimson, tana saurin tashi amma shekara guda take yi, fara kuma tana iya kai shekaru in ana yanke mata ciyawa. Ka tabbata irin kulobar yana da garin ƙwayoyin nan da ke taimaka wa saiwa kama sinadarin naitirojin daga iska. Kuma ka juya buhu ka karanta takardar da ke baya. In ka ga ciyawar ryegrass ce ta fi yawa, mayar musu, tana mamaye fili kuma raba ta da ƙasa wahala ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To masara fa? Na ga mutane suna zubawa a ƙasa.

Manomin Karolaina:
Masara gayyar aladun daji ce, kuma Jojiya cike take da su. Dare ɗaya za su mayar maka da fili kamar an yi kaftu. Dokar zuba abinci ma ba ɗaya take da ta shuka ba, kowace jiha da tata, sai ka karanta littafin dokokin farauta na bana ka kuma yanki lasisi. Ƙarin abu guda: ranar shuka ka kafa ɗan keji na waya, faɗin taku ɗaya, a tsakiyar filin, wanda bakin bareyi ba zai kai cikinsa ba. In na cikin kejin ya kai gwiwa, na waje yana manne da ƙasa, shukarka ta yi kyau, bakuna ne suka fi ƙarfinta, sai ka faɗaɗa baɗi. In duka biyun sun tsumbure, koma kan takardar gwajin ƙasa.

Mai tambaya:
Madalla. Gobe in sha Allahu zan kai ƙasar, in sakamako ya fito zan turo hotonsa a duba mini yawan laim ɗin.