Neman shawara kan jarrabawar farfaɗo da marar lafiya ga ƙananan likitoci

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ni likita ne a sashen agajin gaggawa na wani asibiti a cikin birnin Kano, kuma an ɗora mini alhakin gwada ƙananan likitocinmu kan farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da mutum-mutumin roba guda ɗaya da muke da shi. Makon jiya wani yaro mai hazaƙa ya cika kusan duk abin da ke takardar maki: ya kira taimako, ya danna ƙirji sau 30 ya hura iska sau 2, ya sa aka ba da allurar adrenalin mai zaburar da zuciya miligiram 1 a kan kari. Amma da ya zo zura bututun numfashi sai ya ce a ɗauke hannu daga ƙirji, ina kallon agogona har daƙiƙa 40 suka wuce. Abokin aikina ya ba shi maki mai yawa, ni kuwa raina ya ƙi, domin da ɗan Adam ne kwance a gadon nan, da duk tsawon lokacin jini bai kai ƙwaƙwalwarsa ba. Don Allah ku ba ni shawara, yaya za mu yi hukunci ba tare da mun zalunci yaron ko marasa lafiyar da za su zo hannunsa ba?

Wani likitan sa barci: Wa'alaikumus salam, Likita. Kai ne da gaskiya, sai dai aibin yana jikin takardar, tunda ta ɗauki kiran taimako da tsayar da danna ƙirji a matsayin abubuwa masu nauyi ɗaya wajen ba da maki. Ƙa'idar ita ce a danna sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babban mutum, kuma kada tsayawa ta wuce daƙiƙa 10. Ku ware kurakurai uku ko huɗu waɗanda duk wanda ya aikata ɗaya ya faɗi, komai yawan makinsa, ku kuma bar gurbi a ƙasa inda mai jarrabawa zai rubuta ra'ayinsa kan aikin gaba ɗaya. Irin wannan jarrabawa ta tasha-tasha, wato inda ɗalibi ke bi wuri-wuri yana nuna aiki a aikace, wadda Ronald Harden ya fito da ita a Dandi ta Sikotilan a 1975, manufarta kowa ya gamu da yanayi iri ɗaya a auna shi da mudu ɗaya. Saboda haka kafin ranar ku ɗauki bidiyon gwaji ɗaya da waya, ku ba shi maki kowa daban, sannan ku zauna ku daidaita saɓaninku.

Wata babbar ma'aikaciyar jinya: Ranka ya daɗe, ina roƙo ku auna jagoranci ma. Na sha ganin ƙaramin likita ya san abin yi sarai, amma kunya ta hana shi umartar wadda ta haife shi, sai ya riƙa cewa "a kawo adrenalin" babu wanda ya kira da suna, kowa yana zaton wani zai tashi. Ku sa mu cikin gwajin, ku duba ko zai sauya mai dannawa duk minti 2, da ko zai ɗaga murya ya ce kowa ya janye kafin ya danna na'urar shokin zuciya.

Wani ƙaramin likita: Malam, da yawanmu ranar jarrabawa ce ranar farko da muke taɓa robar, kuma taurinta ba irin na ƙirjin mutum ba ne. A ba mu ita mu yi atisaye tukuna, kuma bayan gwajin a zaunar da mu a nuna mana inda muka kauce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan buɗe ɗakin da robar take don atisaye kowace Laraba bayan la'asar, yaron kuma zai sake gwajin da sabuwar takarda bayan na nuna masa daƙiƙa 40 ɗin nan. Hajiya, ina buƙatar ma'aikatan jinya biyu ranar.