Fitsarin jinin Baba: tsargiya ce ko a tafi asibiti?

Sani: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu Baba yana fitsari da jini. Na ce mu je asibiti, Kawu Idi ya ce tsargiya ce, a sayo ƙwaya a kasuwa. Me kuka gani?

Kawu Idi: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina kan bakana. Ni da Yaya a bakin Binuwai muka tashi, tare muka yi iyo, tare muka yi fitsarin jini muna yara, har ana ce mana alamar girma ce. A nan arewacin Kamaru, daga Garwa har Yagwa, in ka ga jini a fitsari to tsargiya ce. Me za a je a ɓata kuɗi a kai?

Malam Buba: Kawu yana da hujja a wajen yara. Ni a wajen Lagdo nake koyarwa. Tun da aka gama madatsar ruwan a 1982 dodon koɗi ya samu wurin zama, kuma a jikinsa ƙwayar cutar take girma kafin ta fito ta huda fatar mai wanka. Idan masu rabon magani suka zo, sanda suke jinginawa a bango su auna tsawon yaro, su ƙirga masa praziquantel, wato ƙwayar maganin tsargiya, daidai tsawonsa, bayan ya ci abinci. Da idona na ga fitsarin yara ya washe.

Kawu Idi: To kun ji.

Hadiza: Kawu, ka yi mini haƙuri, amma Baba ba ɗan makaranta ba ne, ya haura saba'in. Yaya Sani, ka amsa mini: jinin a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, ko duk fitsarin ne ja? Sau nawa yake tashi da dare? Rabonsa da shiga gulbi fa?

Sani: Duka ja ne, jiya har da ɗan gudaji. Da dare yana tashi sau biyar ko shida, ina jin ƙarar butarsa daga ɗakina. Yakan daɗe a tsugune, fitsarin na zuwa sirit yana yankewa. Gulbi kuwa ya fi shekara talatin bai shiga ba.

Hadiza: Shekara tara ina aikin jinya, wannan bayanin ba ya kwantar mini da hankali. Jinin tsargiya yawanci a ƙarshen fitsari yake zuwa, domin ƙwayayen tsutsar da ke kawo cutar a bangon mafitsara suke maƙalewa. Abin da ka faɗa ya fi kama da kumburin furostat, wato ƙullin nan da yake ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Daga shekara hamsin yakan fara girma ya matse hanyar. Tsakuwa ma tana kawo jini, balle mu da zafin Maris da Afrilu yake wuce digiri 40, mutum yana ta gumi ba ya shan ruwa sosai. Sai na uku, wanda ba na son faɗa amma dole: ciwon dajin mafitsara. Ita tsargiyar da kuka yi kuna yara, Kawu, idan ta daɗe ba a magance ba tana cikin abin da ke haifar da shi.

Kawu Idi: Subhanallahi. 'Yata, kada ki yi wa Yayana mugun baki. A gwada ƙwayar mana, in ba ta yi ba a tafi.

Hadiza: Allah Ya kiyaye, Kawu, ni ma ubana ne. Matsalar gwajin ita ce irin wannan jini yakan ɗauke da kansa na makonni. Sai mu ce ƙwaya ta yi aiki, alhali abin yana nan yana girma.

Goggo Asabe: Idi, fito ka faɗi abin da ke ranka. Tsoron robar fitsari kake yi, da maganar da maza ke yi cewa wanda aka yi wa aikin furostat ya gama zama namiji.

Kawu Idi: Eh, ina tsoro. Na ga dattijo a unguwarmu yana yawo da jakar fitsari a cikin babbar riga, ko jam'i ya daina fita.

Goggo Asabe: Ni kuma na ga daren da fitsarin marigayi maigidana ya tsaya cak. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, yana ta salati yana dafa bango. Wata shida muna jiƙa masa saiwa kafin ranar. Da aka sa robar nan, kafin minti goma ya yi ajiyar zuciya ya yi barci. Likita ya ce da mun zo da wuri, wataƙila da magani ya wadatar.

Hadiza: Haka ne, Goggo. Ba kowa ake yi wa aiki ba. Za a duba fitsari, a ɗauki hoton mara da ƙoda, a auna jini, likita ya taɓa ƙullin da yatsa. Akwai ƙwaya irin tamsulosin da ke sassauta hanyar cikin kwanaki, akwai finasteride da ke rage girman ƙullin, sai dai tana cin wata shida. Roba sau da yawa ta ɗan lokaci ce. In ma an kai ga aikin kumburin, yawancin maza ƙarfinsu na nan, abin da yakan canja shi ne maniyyi ya riƙa komawa mafitsara.

Malam Buba: In kuma tsargiyar ce, gwajin fitsarin zai iya nuna ƙwayayenta, su ba shi maganin daidai nauyinsa.

Kawu Idi: Ni dai har yanzu raina yana ba ni tsargiya ce. Amma ba zan hana ba. Sani, ƙarfe nawa?

Sani: Bayan asuba, Kawu, kafin layi ya yi tsawo.

Hadiza: Ku tafi da duk magungunan da yake sha. In fitsarin ya tsaya cikin dare, kada ku jira gari ya waye, ku kira ni.